Ƙwaya Mai Hawa Biyu: Tafiyata Kalgo da Yaya Sahabi

Talata, Masama zuwa Gwandu

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asubahin Talata muka fito ƙofar masallacin unguwarmu a nan Masama. Mu huɗu ne: ni Bello, da yayana Sahabi mai sayar da goro, da amininsa Ladan Mode, da Ɗanjuma mai kabu-kabu wanda na yi wa magana tun ranar Lahadi.

Bari in fara da dalilin tafiyar, don kada wani ya ɗauka yawo muka je ana tsakar aikin gona. Wata biyu da suka wuce likita a Gwandu ya auna Yaya ya ce yana da hawan jini. Ya rubuta masa ƙwaya ɗaya tak kowace safiya. Ƙwayar hawa biyu gare ta, ɓari ɗaya fari, ɗaya ja, manne da juna. Mun koma awo sau biyu, jinin bai sauka yadda ake so ba, ga jiri yana ɗibarsa a kasuwa. Likita ya ce mu dawo Laraba ƙarfe sha ɗaya, in bai sauka ba zai ƙara masa ƙarfin magani. Ya ja ni gefe ya ce irin wannan ne ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Da wannan ciwon mahaifinmu ya rasu, bayan ya shekara uku a kwance.

Ni kuwa na yi shekara ashirin da shida ina riƙe da sito a ƙaramar hukuma, na san lalataccen kaya in na gan shi. Na buɗe battar da Yaya ke zuba maganin, na tarar uku sun rabe gida biyu, farin daban, jan daban. Nan take na yanke cewa jabu aka sayar mana. 'Yata Asabe da ke aure a Kalgo ta ce kafin in ɗora wa kowa laifi in zo in ga maƙwabciyarta, Malama Rahila, 'yar Zuru, wadda ta yi karatun haɗa magunguna ta kuma shekara goma sha ɗaya tana aiki a masana'antar da ake buga ƙwayoyi a Kudu. Shi ke nan dalilin.

Na tsara mu tashi shida saura kwata. Ba mu tashi ba sai shida saura minti takwas, saboda Yaya ya ja Ladan bayan masallaci suna ƙus-ƙus.

Na ce, "Yaya, minti bakwai ke nan."

Ya ce, "Akawu, Kalgo ba ta tashi ta bar wurinta." Akawu yake kirana tun ranar da na kama aikin gwamnati.

Ladan rakiya kawai ya yi mana, a nan muka bar shi. An yi ruwa daren jiya, hanya ta yi laushi. Wuri biyu muka sauka muka taka da ƙafa Ɗanjuma ya tura babur. Gero ya fitar da kai dama da hagu, abin sha'awa. Shida da minti ashirin da biyar muka shiga tashar Gwandu.

Gwandu zuwa Birnin Kebbi

A bakin tasha muka karya da koko da ƙosai, naira ɗari takwas mu biyu. Mai ƙosai ta ɗebo yaji za ta barbaɗa wa Yaya, na tare da hannu, don yajin nan rabinsa gishiri ne.

Ta ce, "Baba, wanga ɗanka ne ko likitanka?"

Yaya ya ce, "Ƙanena ne. Ni na goya shi, yanzu shi ke kiwona."

Motar ƙarama ce, mutum shida take ɗauka, dubu biyu da ɗari biyar kowane kai. Ba ta cika ba sai bakwai da kwata. Na tambayi direba nisan hanyar, ya ce kilomita hamsin ne ba kaɗan. Na duba agogon motar don in tabbatar, na tarar ya daɗe da mutuwa. Saboda haka na rubuta abin da ya faɗa, amma ba ni na auna ba.

Ba mu bar gari ba Yaya ya fito da goro. Duk wanda ya san shi ya san halinsa: bai taɓa kai goro baki a gaban mutum ba sai ya sa farce a tsagar ya ɓara, ya miƙa ɓari. Direba ya samu, wata tsohuwa mai kai jikarta asibiti ta samu, har wani malamin makaranta da ya ce ba ya ci sai da ya karɓa ya sa a aljihu.

Bayan Kambaza muka tarar da shingen bincike. Jami'in ya leƙo, ya ga batta a hannuna, ya ce, "Baba, mi ke ciki?"

Na ce magani ne. Na zaro takardar likita daga ambulan na miƙa masa kafin ya nema. Ya karanta, ya dubi Yaya ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi, Baba. A rage gishiri."

Yaya ya ce, "Kai ma? To ku nawa ne?" Ya ɓara masa goro, muka wuce. Minti huɗu muka yi a wurin.

Takwas da rabi muka sauka Birnin Kebbi. Ba mu zauna ba. Muka samu wata motar zuwa Kalgo, ɗari shida-shida, tafiyar minti ashirin da biyar. Fadama ta cika da ruwa, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya.

Kalgo

Tara da kwata muna gidan Asabe. Mijinta ya durƙusa ya gaishe mu, aka kawo fura da nono mai kauri na ƙauyen Wurogauri. Na ce a ajiye, aiki tukuna. Yaya ya ce shi a kawo masa, aikin ya jira. Goma daidai muka shiga shagon maganin Malama Rahila.

Mace ce mai kamar shekara arba'in da biyar, da tabarau, ga fara'a. Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta ba mu kujeru, ta bar Yaya ya huta minti biyar, sannan ta ɗaura masa abin awo a dantse. Ɗari da saba'in da shida bisa ɗari da biyu. Ta rubuta a takarda.

Na ajiye batta da kwalin maganin da takardar likita a kan tebur, a jere. Na ce, "Malama, tambaya uku gare ni. Ta ɗaya, wannan magani na gaskiya ne? Ta biyu, in na gaskiya ne me ya sa yake rabewa? Ta uku, me ya hana jinin sauka?"

Ta duba kwalin ciki da waje, ta duba lambobin da ke jiki da ranar ƙarewar aikinsa. Ta ce ita ba ta ga alamar jabu ba. Sai ta buɗe batta ta ce, "Wa ya ɓalle su daga katinsu ya zuba nan?"

Yaya ya ce, "Ni. Wanga kati na da taurin kai, kullum sai na yi kokawa da shi. Na zauna rana guda na hidda su duka."

Ta ce, "Baba, katin nan shi ne gidansu. Farin ɓarin yana jan danshi, ga shi damina ce. In ya sha iska sai ya kumbura ya saki ɗan'uwansa. Kai kuma Baba Bello, ga amsar tambayarka ta biyu."

Na ce ban gamsu ba tukuna. Don me za a manna magani biyu tun farko, kuma da me ake manna su? Ta yi dariya ta ce Asabe ta gaya mata ba na karɓar rabin bayani. Ta shiga ciki ta fito da sirinji wanda ta yanke wa baki, da garin masara da garin jar dawa, kowanne ta ɗan yayyafa masa ruwa.

Ga yadda ta ce ana yi, kamar yadda na rubuta a littafina. Injin yana da babban faifan ƙarfe mai juyawa, an jera masa ƙananan ramuka, kowane rami girman ƙwaya. A samansa akwai mazurari biyu, kowanne da garin maganinsa. Da farko rami ya bi ta ƙarƙashin mazurari na ɗaya ya ɗebi farin gari daidai awo. Sai wani ƙarfe kamar 'yar taɓarya ya sauko ya danna shi, amma a hankali, don dai ya kwanta. Sannan ramin ya isa mazurari na biyu, jan gari ya zuba a kai. Daga nan ne ake dannawa da ƙarfi sosai, sama da ƙasa, su zama abu ɗaya, inji ya tunkuɗo ta waje. Babu wani danƙo a tsakani, matsi ne kawai.

Tana faɗa tana yi. Ta zuba garin masara cikin sirinji ta ɗan danna, ta zuba jar dawa ta dafe da tafin hannu ta matsa da ƙarfi. Ta turo, sai ga 'yar ƙwaya mai hawa biyu ta zauna a kan tebur. Ta sake yin wata, amma wannan karon ta matse farin sosai tun farko. Tana turowa, jan ya zame ya faɗi gefe.

Ta ce, "Kun gani? In aka danne na farko da yawa sai fuskarsa ta yi sulɓi, na biyu ya rasa abin kamawa. In ba a danna ba sam, sai su cakuɗe. Aikina ke nan shekara da shekaru: lokaci-lokaci in ɗebo na farko shi kaɗai in auna nauyinsa, in ɗebo cikakkiya in auna, in sa wasu a wani inji ya yi ta wujijjiga su in ga ko za su rabe. Ɗakin ma sai an busar da iskarsa. Mu kanmu rufe muke tun daga kai har ƙafa."

Yaya ya ce, "Kamar gini ne hwa. In hawan ƙasa ya bushe ƙarau, na sama ba ya kamawa."

Ta ce haka ne. Ta ƙara da cewa magani biyu ne masu aiki daban. Farin yana sassauta hanyoyin jini. Jan yana fitar da gishiri da ruwan da suka yi yawa ta hanyar fitsari. Akwai abin da ke cikin farin wanda zai lalata jan in aka dama su wuri ɗaya, shi ya sa aka yi wa kowanne hawansa. An haɗa su ƙwaya ɗaya kuma don mutum in aka ba shi biyu yakan sha ɗaya ya manta ɗaya. Launin ma don a gani da ido ne cewa kowanne yana nan.

Na ce, "Saura ta uku."

Ta juya ga Yaya ta ce, "Baba, na san yau ka riga ka sha. Kada ka haɗiye, nuna min kawai yadda kake yi."

Yaya ya ɗauki ƙwaya ɗaya lafiyayya. Ya laluba aljihu ya fito da reza. Ya ɗora bakinta daidai kan layin da farin ya haɗu da jan, ya danna, ta ɓare tsaf. Ya nuna farin ya ce, "Wanga nawa." Ya yagi 'yar takarda ya ƙunshe jan ya ce, "Wanga na Ladan."

Na dubi ƙunshin da ke hannunsa.

Malama Rahila ta cire tabarau ta ce, "Baba, wane ne Ladan?"

"Aminina. Shi ma kansa na ciwo, ya ce ciwonmu guda. Na ga wasu sun rabe da kansu cikin batta, na duba na ga ashe tsaga gare ta kamar goro. Na ce to ta mutum biyu ce. Shi jan goro yake so, sai na bar mishi jan."

Na ce, "Yaya! Tun yaushe?"

"Tun sati na biyu."

"Don me ba ka faɗa min ba?"

Ya ce, "Ka tambaye ni? Kai ba ka tambaya, Akawu. Batta ka buɗe, ka yanke hukunci, ka kira Ɗanjuma."

Wannan gaskiya ne, na kuma rubuta shi yadda ya faɗa.

Malama ta tambaya ko Ladan na yawan zagayawa. Yaya ya buga cinya ya ce, "Shi ke nan! Tsakanin asuba da hantsi sai ya kama ruwa sau huɗu. Ran nan yana shirin kiran salla ya aje lasifika ya ruga. Mu muna cewa tsufa ne!" Ta yi dariya har da riƙe tebur. Ni ban yi ba sai daga baya.

Da ta natsu sai ta yi magana ba wasa. Ta ce sati bakwai Yaya rabin maganinsa yake sha, Ladan kuma yana shan abin da ba a auna shi aka ba shi ba, wanda zai iya jawo masa jiri ko kasala. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne gobe: likita na zaton cikakkiyar ƙwaya ce ta kasa. In ya ƙara ƙarfi, ranar da Yaya ya haɗiye sabuwar dukanta jinin na iya faɗuwa ƙasa da kima. Ta ce ita ba za ta canza abin da likita ya rubuta ba, amma dole gobe a faɗa masa komai.

A nan ne muka samu cikas. Yaya ya ce shi ba zai iya ba. Ya ce shekara arba'in bai ci abu shi kaɗai a gaban Ladan ba, yanzu da ciwo ya zo ne zai haɗiye magani sukutum yana kallonsa? Na ɗaga murya. Malama ta ɗaga min hannu, na yi shiru.

Ta ce, "Baba, in riga ɗaya gare ka, Ladan ba shi da ita, za ka raba ta biyu ku sa hannu ɗai-ɗai?"

Ya ce, "A'a. Sai in kai shi wurin tela."

Ta ce, "To gobe ka kai shi wurin tela. A auna shi a ba shi nasa."

Yaya ya ce in ba shi waya. Ya kira Ladan da kansa, ya ce gobe goma da rabi ya same mu a Gwandu, kuma in akwai sauran ja a aljihunsa kada ya sha. Muna jin Ladan ta cikin wayar yana cewa, "Mi ya hwaru? An gano mu?"

Ta karɓe battar ta juye abin da ke ciki, ta ce sun sha danshi ba za a amince da su ba. Muka sayi sabon kati bisa takardar likita. Sha biyu saura kwata muka fito.

A gidan Asabe muka kwana, ɗakin zaure, da gidan sauro mai kyau. Da yamma an yi tuwon shinkafa da miyar kuɓewa da ɗanyen kifi. Ta Yaya daban aka yi, ba gishiri sosai. Ya ce ko ruwan kogi ya fi ta ɗanɗano, amma ya cinye malmala biyu.

Laraba, komawa

Bakwai na safe Malama Rahila ta shigo kafin ta buɗe shago. A gabanta da ni da Asabe Yaya ya ɓalle ƙwaya ɗaya daga kati, ya juya ta, ya dube ta sama da ƙasa, ya yi bisimilla ya haɗiye dukanta. Ya ce, "Ashe ma ta hi sauƙi, ba sai an nemi reza ba." Malama ta rubuta wa likita 'yar takarda da bayanin abin da ta gani. Na yi mata godiya, na kuma janye maganar jabu a gabanta, tunda a gabanta na yi ta.

Bakwai da rabi muka bar Kalgo, takwas muna Birnin Kebbi. Mota ta yi jinkirin cika, sai tara saura minti goma muka tashi. A shingen jiya wani jami'in muka tarar, ya ɗaga mana hannu kawai. Goma da minti goma muka sauka Gwandu. Ladan ya riga mu, yana zaune a ƙofar asibiti da sabuwar hula kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Ya ce, "Sahabi, ka tona mu."

Yaya ya ce, "Kai dai ka gode, alwalarka za ta riƙa kai hantsi."

Sha ɗaya da minti ashirin aka kira mu. Likita ya karanta takardar Malama, ya dubi tsofaffin biyu, ya sake karantawa. Ya ce ya ga masu mantawa, ya ga masu dainawa in sun ji sauƙi, amma bai taɓa ganin masu raba ƙwaya ta tsaga ba. Bai ƙara wa Yaya komai ba. Ya ce ya sha cikakkiya kullum, a dawo bayan sati biyu. Ya auna Ladan, ya ce nasa ma ya ɗan hau, amma tunda akwai sauran magani a jikinsa sai a bari sati biyun su cika a sake awo, sannan a san abin da ya dace da shi.

Muka yi azahar a Gwandu, muka ci shinkafa da wake, Ɗanjuma da wani abokinsa suka kwaso mu. Uku saura minti biyar muka sauka ƙofar gida lafiya. Alhamdulillahi.

Na jinkirta wannan rubutu har sati biyun suka cika, don ba na ba da rahoton aikin da ban ga ƙarshensa ba. Jiya muka koma. Awon Yaya ɗari da talatin da takwas bisa tamanin da shida, jiri ya bar shi, ya koma rumfarsa. Likita ya ce a ci gaba a haka, ba dainawa. Ladan an ba shi nasa, 'yar ƙwaya fara mai hawa ɗaya, yana ta ƙorafin cewa an ba Sahabi mai bene shi an ba shi bukka. Yanzu kowace safiya bayan salla tare suke sha, kowa daga katinsa, moɗa ɗaya.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Malama Rahila, da Asabe da maigidanta, da likitan da ya saurare mu bai yi mana faɗa ba.

Kai da ka karanta wannan, roƙona gare ka ɗaya ne. In akwai tsoho ko tsohuwa mai shan magani a gidanku, gobe da safe ka je ka zauna kusa da shi. Kada ka ce, "Kana sha?" don zai ce maka yana sha. Ka ce ya nuna maka yadda yake sha, ka zuba ido har ya haɗiye. Sannan ka tambaye shi a hankali ko akwai wanda yake sam wa.